Muryar Kaka Ige a Gidan Sikeli

A bakin ruwan Yelwa, kan wani ɗan tudu da ambaliya ba ta kaiwa, akwai wani tsohon ginin dutse da muke kira Gidan Sikeli. Manya sun ce Turawan kamfani ne suka gina shi, a nan ake auna gyaɗa da ƙwarar kaɗe kafin a loda su a jirgi. Mu dai ba mu tarar da Bature ko sikeli ba. Abin da muka tarar shi ne bango mai kauri, kwano mai tsatsa da ke yoyo ta gabas, jemagu a rufi, da kakata, Kaka Ige, a kusurwar da ruwan sama ba ya taɓawa.

'Yar Gungawa ce, ita ta haifi babana. A tsibiri aka haife ta, a can aka yi mata aure, a can suke noman albasa da kamun kifi. Da aka tare ruwa a Kainji, tsibirinsu ya nutse da gonakinsa da rumbunansa da kabarin innarta. An ba su gidaje a tudu, ta zauna a ciki don dole. Bayan rasuwar kakanmu sai ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki tukwanenta, ta ce ita ba ta ƙara kwana inda ba ta jin motsin ruwa. Ta shiga Gidan Sikeli, wanda a lokacin awaki ne kaɗai ke kwana cikinsa. Ta share, ta toshe ramukan ɓeraye, ta gina murhun banda a bakin ƙofa. Babana da yayansa sun yi lallashi har sun gaji, suka ƙyale ta.

Da banda take ci da kanta. Masunta su kawo mata tarwaɗa da ƙarfasa da yamma, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. Mu jikoki aikinmu shi ne kai mata tuwo bayan magariba. Ba mai aikenmu sau biyu. Muna ajiye kwano sai mu zagaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, muna jiran ta tsinko mana kan kifin da ya fara ƙonewa. A cikinmu akwai Basharu, ɗan yayan babana, wanda ya girme ni kaɗan. Shi ke zama dab da gwiwarta. Yana kiranta amaryarsa, tana kiransa angonta marar ko akuya, irin wasan jika da kaka. Ba na jin a cikinmu akwai wanda take so kamarsa.

Hausarta ba irin tamu ba ce. Da girmanta ta koye ta, a kasuwa, saboda haka takan mai da namiji mace, ta mai da mace namiji. Za ta ce wa babana "ke", ta ce wa innata "kai". Mu kunnenmu ya saba, ba ma ma lura. Idan za ta fara tatsuniya sai ta nuna kogi da sandar da take gyara wuta, ta ce, "Ga ta can bisa ruwa tana tahowa." Mu kuma mu ce, "Ta iso mu tare ta."

Tatsuniyoyinta ba masu daɗin ƙarshe ba ne. Ban tuna ko ɗaya da aka ƙare da biki ba. Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ayu, dabbar nan ta ruwa mai jiki kamar saniya, wadda ke kiwo cikin ciyawar burgu.

Wai a wani tsibiri an yi shekarar yunwa. Kifi ya ɓace, a jefa ragar birgi a jawo ciyawa. A cikin burgun da ke gefen tsibirin akwai wata ayu da ɗanta. Kullum tana jin kukan yaran mutane, har tausayi ya kama ta. Sai ta riƙa fitowa da asuba, ta je inda kifi ya taru, ta ɗaga kai ta yi kira. Masunta su bi muryar, su dawo da jirage cike. A haka har yunwa ta wuce, yara suka yi kumatu.

Sai sarkin ruwa ya tara mutane. Ya ce murya irin wannan bai kamata ta ƙare cikin ciyawa ba, ya kamata duk tsibirai su ji ta. Ya ce kuma ayu za ta tsufa ta mutu wata rana, muryar ta tafi da ita, jikoki ba su san an yi ta ba. Kowa ya ce gaskiya ne. Suka shiga jirage da kwalliya, mata na guɗa, maroƙa na yi mata kirari, suka kira ta ta fito a yi mata godiya. Ta fito. Suka soke ta da zago, mashin masunta. Suka raba naman gida-gida, fatar kuma suka ɗaura ganga da ita. Da aka buga gangar, sai ga muryar ayu sak, har ta fi da ƙarfi. Mutane suka yi ta rawa, suna cewa yanzu kam ba za ta taɓa mutuwa ba.

Shi kuwa ɗan ayu yana can cikin burgu yana neman uwarsa. Ya ji muryar daga gaɓa. Ya taho yana iyo, yana ɗaga kai yana cewa, "Inna, kai ne? Ga ni tahe."

A nan kullum Kaka take tsayawa. Ta sunkuya ta tura itace, ta daɗe tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Mu kuma mu ƙagu.

"Sai me, Kaka?"

"Sai sunka samu ƙaramar ganga," in ji ta. "Ta ƙare. Ku tashi, an kira isha'i. Kuma duk wanda ya ji ana kiran shi daga ruwa, kada ta amsa."

Mu a tunaninmu ma'anar ke nan, kada yaro ya je bakin kogi da duhu. Muka girma da wannan.

Shekaru suka tafi. Babana ya rasu. Ni aure ya kai ni Warra, ina ɗinki a gida. Basharu ya tafi birni ya yi karatun aikin jarida, ya dawo da kyamara da baki mai daɗi. Kaka tana nan a Gidan Sikeli, ta ranƙwafa, idonta ya rage, amma wutarta ba ta mutu ba.

Wata rana na zo ganinta na tarar da Basharu da wasu baƙi biyu suna zagaya ginin, suna shafa bango suna ɗaukar hoto. Ƙungiyarsu ta matasa ta samu izini daga hukuma, wasu masu tallafi daga nesa kuma sun yarda su gyara ginin. Za a mai da shi gidan kallo na jama'a, da ɗakin ɗaukar murya, da wurin koya wa yara aikin fim. Gaskiya abin ya burge ni. Garinmu ba shi da wuri irin wannan, samari a rumfunan kallon ƙwallo suke ƙarewa.

Basharu ya durƙusa gabanta ya riƙe hannunta.

"Amaryata, gidanki za mu gyara. Sabon kwano, wutar sola, ba sauran yoyo."

"To ni ina zan kwana?"

"Wurin Baba za ki ɗan zauna har a gama. Ga ɗaki can baya, naki ne, na riga na faɗa musu. Ƙofarsa ma ruwa take kallo."

"Murhuna hwa?"

"A gina miki sabo. Amma kafin nan, Kaka, ina son ki ba ni tatsuniyoyinki in ɗauka. Ke ce tarihin gidan nan. Ranar buɗewa ke za a fara nunawa, kowa ya san wadda ta riƙe wurin nan lokacin da kowa ya watsar da shi."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane. Ban taɓa ganin ta ji kunya irin ta ranar ba. Washegari ya kafa kyamara, ya zaunar da ita gaban murhu, ta yi ta ba shi labari tun hantsi har la'asar. Ina wurin. Da ta zo kan ɗan ayu, wannan karon ba ta samu itacen turawa ba, don ya ce kada ta motsa daga inda ya saita ta. Muryarta ta karye, ta fita siririya kamar ta yarinya, hawaye suka zubo. Basharu ya ɗaga mata babban yatsa daga bayan kyamara.

Aka loda kayanta a amalanke aka kai gidan baban Basharu, can bayan tasha, inda ba abin da ake ji sai hon ɗin motoci. Magina suka shiga. Ranar farko suka rushe murhun. Suka kankare baƙin hayaƙin bango da burushin ƙarfe, suna tsaki wai ƙarnin kifi ya shige cikin dutse. Aka sa kwano, aka jera kujeru, aka kafa farin allo da majigi, aka manna soso a bangon ɗakin murya. Ginin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Tsohuwar tukunyarta da faifanta, waɗanda ta yi ta nema ba ta gani ba, na gan su an rataye a bangon shiga don ado. Ɗakin baya kuwa, wanda ƙofarsa ke kallon ruwa, janareta da batura aka zuba a ciki.

Na tambayi Basharu. Ya ce, "Luba, ke ma ki duba. Wuri mai na'urori, a ce ana hura wutar banda a gefe? Masu tallafi ba za su yarda ba. Ki bari a buɗe tukuna, zan san yadda zan gaya mata."

Bai gaya mata ba. Ita kuwa kullum sai ta tambayi matar gidan ko an gama shafen ɗakinta.

Ranar buɗewa na zo tun safe don in shirya ta. Ta sa an ƙunsa mata lalle tun jajibiri ta hannun wata maƙwabciya, ta ciro wani zanen saƙi daga ƙasan adakarta, wanda ta ce da shi ta fito daga tsibiri. Ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, wai daga wurin taron sai ɗakinta.

Bayan magariba zauren ya cika. An zaunar da mu a layin gaba, kusa da matan manya. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Basharu ya hau ya ce wannan gida na muryar talaka ne, daga yau ba wanda za a sake mantawa da shi a ƙasar Yauri. Aka tafa. Sannan ya ce kafin babban fim, ga ɗan abin nishaɗi daga bakin amaryarsa. Aka kashe fitilu.

Fuskarta ta cika bango. Kowane layi na goshinta, da gurbin haƙoran da suka zube, ga su nan ƙato-ƙato. Ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Wane ne wagga tsohuwa?" Kafin in amsa ta ji muryarta.

Daga labarin wuni guda, abin da ya bari bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ya tsinto duk inda ta ce wa mace "kai" ko ta ce wa namiji "ke", ya jera su a jere, bayan kowanne ya sa wani sautin usur da dariyar da aka naɗa. Inda ta yi tari ya maimaita shi. Inda ta tofar da yawu a gefe ya rage gudun hoton don a gani sosai. Sannan aka zo wurin ɗan ayu. Ga ta tana hawaye, da muryar nan da ta karye: "Inna, kai ne? Ga ni tahe." Ya sa kiɗa a ƙarƙashi, ya yi ta maimaita shi har ya zama waƙa. Inna kai ne, Inna kai ne, ga ni tahe.

Zauren ya ɗauka. Samari na bubbuga kujeru, wata hajiya a gefenmu tana share hawayen dariya da mayafi. Wasu daga baya suka fara amsa waƙar. Ba na ce kowa ya yi dariya ba, na ga wani dattijo ya sunkuyar da kai. Amma ba wanda ya tashi ya ce a tsaya.

Kaka ta damƙe wuyan hannuna har farcenta ya shige. Ba ta kallon allon, mutanen take juyowa tana kallo, waɗanda ta yi wa iyayensu banda.

"Luba," ta ce, "mi na yi musu?"

Na ɗaga ta muka nufi ƙofa, tana riƙe da ƙullin kayanta. Basharu ya biyo mu da murmushi har kunne.

"Amaryata! Kin ga yadda kika tashi gari? Gobe ba wanda bai san ki ba."

Ta tsaya ta dube shi, ta daɗe. Sai ta yi masa magana da Gunganci, 'yan kalmomi kaɗan, ba da faɗa ba. Shi bai ji ba, ni ma ban ji ba, don ba wanda ya koya mana harshen. Ta juya.

Na zaunar da ita a kan dakali na dawo wurinsa.

"Yaya Basharu, ka ji tsoron Allah. Kuka take yi a wurin nan. Ka san abin da take tunawa."

"Haba Luba, wasan jika da kaka ne fa. Tun muna yara nake tsokanarta."

"A gaban gari?"

"Ke ba ki san aikin nan ba. In na sa tsohuwa tana magana wuni guda, wa zai zauna? Yaran yanzu sai da dariya ake kama su. Ni na sa aka san da ita."

"Ƙarshen labarin fa? Ina ka kai shi?"

"Ya yi nauyi. Ranar murna ce. Na yanke."

Aka kira shi daga ciki, ya dafa kafaɗata ya koma.

Kafin mako ya zagayo abin ya shiga wayoyi. 'Yan kabu-kabu in sun haɗu a hanya sai ɗaya ya ce, "Inna, kai ne?" ɗayan ya amsa, "Ga ni tahe!" Yara suka gano gidan da take, suna leƙowa ta zaure suna rerawa su ruga. Na roƙi mijina, muka ɗauko ta zuwa Warra. Gidanmu ba nisa da ruwa, na yi zaton za ta samu sauƙi. Ranar kasuwa ta farko na riƙo hannunta muka gangara inda jirage ke tsayawa. Wani saurayi da ke sauke buhunan ƙananan kifin warangi ya dube ta, ya ƙara duba, ya ƙwala wa abokansa kira, "Kai, ku zo ku ga Inna-kai-ne!" Suka taso da wayoyi suna son hoto da ita.

Daga ranar ba ta ƙara fita ba, kuma ba ta ƙara yin Hausa ba. Ba wai ta daina magana ba ne. Tana yi, wani lokaci ma ta daɗe tana yi, amma da Gunganci. In na kawo mata kunu in ce, "Kaka, ki sha," sai ta karɓa ta amsa da harshen da ban sani ba. Na durƙusa na roƙe ta, na ce ni ce Luba, ni ban yi dariya ba. Ta shafa kaina, ta faɗi wani abu mai taushi, amma ba da Hausa ba. Na nemo wata tsohuwa mai sayar da albasa da ke jin harshen, ta zauna da ita rabin yini. Da ta fito na tambaye ta abin da take cewa.

"Ba saƙo ba ne, ɗiyata," in ji matar. "Mutanen tsibirinsu take kira, gida-gida, tun daga bakin gaɓa."

Da damina ta rasu. Basharu ya zo gaisuwa ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. Bayan sadakar arba'in suka rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a saman ƙofar zauren.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Da farko Basharu kawai nake gani a cikinta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutanen tsibirin ba ƙin ayu suke yi ba. Da guɗa suka je mata, kuma har suka gama cin namanta suna ganin alheri suka yi mata. Har yau in ka tambayi Basharu, zai ce maka shi ya raya sunan kakarsa, kuma ba ƙarya yake ji yana yi ba. Gidan yana aiki, yara na koyon abin da zai amfane su, ni kaina ƙanwar mijina a can ta koyi ɗaukar hoto. Ba na fatan a rufe shi. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ginin mai faɗi haka, an samar wa tukunyarta wuri, ita ba a samar mata ba.

Daga baya na gane akwai nawa rabon a labarin. Na je na roƙi Basharu ya ba ni cikakken abin da ya ɗauka, na wunin nan duka. Ya ce kwamfutar ta lalace, wanda aka tace ne kaɗai ya rage. Ba ni da hotonta, ba ni da muryarta a ko'ina sai a nan. Saboda haka in kewarta ta dame ni, nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa, in kunna abin nan a wayata, da usur ɗinsa da dariyarsa da kiɗansa. Na san abin da yake, na san yadda aka yi shi. Duk da haka nakan kunna, in kara a kunne, in yi ƙoƙarin jin ta a ƙarƙashin hayaniyar.

'Yata ta ƙarshe, Hafsatu, ba ta san Kaka ba, tana goye aka yi rasuwar. Bana aka sa ta makaranta. Kwanan baya ina kan keken ɗinki na ji ta shigo da gudu, jakarta na bugun bayanta. Ta tsaya a tsakar gida, ta ƙanƙance murya yadda ta ji 'yan ajinsu na yi, ta buɗe hannuwa tana dariya.

"Inna, kai ne? Ga ni tahe!"

Ta rugo ta faɗa jikina. Ƙafata ta tsaya a kan keken. Tana ta ƙyalƙyala dariya, tana jiran in yi tare da ita, ba ta san muryar wa take kwaikwayo ba. Na rungume ta, na danna fuskarta a ƙirjina don kada ta ga tawa.

Na ce, "Ni ce."